Matar da Ta Riƙe Randunan Bamgol

Rana na fitowa take hawa tudun bayan gidanta, sanda a hannu ɗaya, tsumma a ɗaya. Ta ɗaga murfin randa, ta goge bakin, ta leƙa, ta shinshina, ta bar ta a buɗe ta sha rana. In hadari ya taso, ko loma ce a bakinta, sai ta koma ta rufe. Shekara tara ke nan. Randar ba tata ba ce. Ta mahaifiyata ce.

Sunanta Pyo Gap-sun, amma ba mai kiranta haka. A Bamgol Kaka 'Yar Munsan muke ce mata, don daga Munsan aka kawo ta aure. Bana gwiwa ta ƙi, ta ce ta ajiye aiki. Ba wanda zai haɗa mata taro. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ban iya dogon zance ba.

Ruwan daddawar gida ba ya mutuwa sai gidan ya mutu. Kowace shekara a dafa waken suya, a daka, a rataye curin a ƙarƙashin rufi, a jiƙa da ruwan gishiri, a zuba sabon ruwa a kan tsoho. Uwar miji ta miƙa wa suruka. Namu ya bi ta hannun mata huɗu kafin Inna.

A sanyin shekarar da yaƙi ya ɓarke, aka aiko cewa mahaifin Inna ba lafiya. Garinsu yana ƙetaren kogin Imjin, tafiyar yini ɗaya. Ta goya ƙanwata Ok-bun, ta ce kwana uku za ta yi. A rana ta biyu aka ce kowa ya gudu kudu. Baba ya tsaya a mashigar kogi har sai da sojoji suka kore shi. Da aka daina harbi, aka ja iyaka, garin su Inna ya faɗa can ƙetare.

Gida goma sha huɗu na Bamgol suka watse. Kaka ba ta tafi ba, don rabin jikin mijinta ya shanye. Ta ga ana ƙona gidaje, sai ta fara kwashe randunan mutane. Cikakkiyar randa ba ta ɗaukuwa. Sai ta kwashe ruwan da ludayi cikin tulu, ta kai tudu, ta gangaro, ta mirgina randar, ta haƙa ƙasa mai ƙanƙara, ta binne ta har wuya, ta mayar da ruwan. Ba ta iya karatu ba, don haka kowace randa ta ɗaura mata igiyar karan shinkafa da irin nata ƙullin.

Tsoho Bang, maƙwabcinmu, ya gani da idonsa. Ya saci jiki ya dawo neman sansa, ya tarar da ita tana tura randa da kafaɗa.

"Ke tsohuwa! Ana binne mutane, ke kina binne randa?"

"Kai da ka dawo cikin harsashi saboda sa? Cikinmu wa ya fi wani hankali? Kama min nan."

Ya kama. Bai samu san ba.

Sojojin can sun zo, na nan ma sun zo, duk da yunwa suka zo. Duk wanda ya tambaya, tata randar take nuna masa. Ta shuka wake a gefen gonakin da aka gudu aka bari. Ta ba da tsinken azurfa na gashinta, na aurenta, aka ba ta gishiri. A sanyi na biyu mijinta ya mutu. Randa ɗaya ce ta ƙare a Bamgol, ita ce tata.

Ke ce uwar randa, Kaka. Ke ce kika sa mutane suka dawo kan toka amma suka ci miyar gidansu a ranar farko. Na ga matar Bang ta lasa yatsa, ta zauna a ƙasa tana kiran sunan uwar mijinta.

Randa goma sha uku suka koma gidajensu. Tamu ta rage. Duk wanda ya yi wa Baba maganar, amsa ɗaya ce: "Mai ita za ta zo ta ɗauka." Bai taɓa hawa tudun ba, bai taɓa yarda a sa masa ruwan a miya ba. In gari ya yi haske, daga bakin kogi ana hango hayaƙin girki a can. Yakan je ya tsaya. Ok-bun tana da shekara goma yanzu. In na gamu da ita a hanya, ba zan gane ta ba, sai dai in kauce mata ta wuce.

Bara na gama sakandare na dawo da lissafi a kai. Na same ta a tudu na ce, "Kaka, sau takwas ana ɗiba ana ƙarawa. Ko cokali ɗaya na hannun Inna bai saura a ciki ba."

"Iye, mai boko ya dawo! Buɗe bakin."

Ta ɗiga min a harshe.

"Me ka ji?"

"Gishiri bai ji ba."

"Ai na sani! Shekara goma sha biyu ina gaya wa uwarka, wannan abin majinyata ne. Ta ce mu 'yan wannan ƙetaren harshenmu ya mutu. Ka san wahalar da ta bar min? Abin da ba gishiri, kwana biyu ka juya baya sai fumfuna. Da na ƙara cikin tafi biyu da tuni na huta."

"To me ya hana ki?"

"Ta dawo ta ɗanɗana ta ce na ɓata mata? Ka san bakin uwarka kuwa?"

Na gangara.

Makon jiya ta aika a kira Baba. Ya zo ya tsaya a gindin tudun, hula a hannu.

"Baban Byong-ho, ƙafata ta ƙare," ta ce, tana kiransa da sunana.

"Iya, in na kai ta gida, kamar na ce ke nan..." Bai ƙarasa ba.

"Wa ya ce ka kai ta gida? Bar ta inda take. Hannu nake nema, ba wuri ba."

Bang yana jingine da shinge, ya kalli Baba. "Namiji a bakin randa? Sai a ɗinka maka siket, Chun-bae!"

"Kai da ka tura guda shida?" in ji Kaka. "Rufe mana baki."

Baba ya hau. Ya durƙusa ya ɗaga murfin. Da ƙamshin ya taso, sai ya riƙe bakin randar da hannu biyu, ya daɗe kansa a sunkuye. Can ya ce, "Gishiri nawa take sawa?"

Kaka ta buɗe tafinta ta nuna masa iyakar. "Kada ka wuce nan. Ko ka ga zai lalace, ka tafasa, ka tace, ka kwana biyu kana fama. Amma kada ka ƙara."

Mun gode, Kaka. Sannu da aiki. Ki miƙe ƙafa a ɗaki mai ɗumi, ki bar mana tudun.

Ku kuma masu karanta wannan, kusan kowane ƙauye a bakin kogin nan akwai abin wani da ya tafi kwana uku: gona, ko itacen lambu, ko randa. In yana hannunku, ku riƙe masa yadda ya bar shi, ko da bai yi muku daɗi ba. Mu dai har yau ba wanda ya kawo mana labarin mutuwa.