Jirgin Hylke Mai Zufa

Faɗana da Hylke Boonstra a kan tukunya aka yi shi, a tashar jiragen ruwa ta Harlingen, wata Asabar cikin Oktoba, a gaban mutane. Ɗan wana ne, ni na sha wanke masa gindi yana jariri, saboda haka da ya aiko in zo in ga jirgin da zai saya su zauna a ciki shi da matarsa Rinske, ban yi nawa ba. Na zo da tukunyata da dankali a jaka.

"Gwaggo, mene ne wannan kuma?"

"Idonka ya mutu ne? Tukunya ce."

"Jirgi na ce ki zo ki gani, ban ce ki zo ki yi mana girki ba."

"Ai ganin ke nan, sakarai."

A cikin jirgin dakon yashi aka haife ni, a ciki na girma, kuma haka uwata take duba jirgin zama. A rufe ƙofa da tagogi ruf, a ɗora dankali ya tafasa har ya nuna, sannan a bi bango da tafin hannu, bayan kabad, ƙarƙashin katifa, saman kai. In hannu ya fito a jiƙe, jirgin na kaya ne, mutum ba ya zama a ciki.

Hylke ya dubi mai jirgin, wani dogo mai suna Folkert, ya ga yana danne dariya. Nan kunya ta kama shi, kuma shi kunyarsa da masifa take fitowa. Ya zaro wata takarda ya kaɗa mini a fuska, wai gwanin duba jirage ne ya rubuta, shafi goma sha huɗu.

"Ni ban iya karatu ba," na ce. "Karanta mini shafin da ya faɗi inda Rinske za ta kwana a watan Janairu."

"Gwaggo, zamanin jirgin yashi ya wuce."

"Jakai dai ba su wuce ba, ga ɗaya da hula."

Na ɗauki tukunyata na koma gida. Rinske tana tsaye riƙe da jakarta da hannu biyu.

Shekara talatin da uku Hylke ya yi yana buɗe gada a Workum. Jirgi ya busa ƙaho, shi kuma ya tare motoci, ya ɗaga gada, ya miƙa sandar fatsa mai takalmin katako a baki a jefa masa kuɗin wucewa, ya sauke gada. Aikinsa ke nan. Jiragen masu hutu ba su taɓa burge shi ba. Amma can ba a rasa ba sai wani ya zo da jirgi mai koɗaɗɗen filafili, zanen nan mai kama iska, gishiri ya ci masa fenti, anga, ƙarfen tsayar da jirgi, duk tsatsa, sai Hylke ya manta da motocin da ya tare.

"Daga ina?"

"Tsibiran Azores."

Sai ya tsaya yana bin jirgin da ido har ya sha kwana, direbobi suna ta danna masa oda. Ya koma ɗakin gadi ya buɗe taswira. Taswirorin teku sun fi rigunansa yawa. Ya san zurfin ruwan bakin tsibiran da bai taɓa takawa ba, amma bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba.

Gidan kuwa na aiki ne, ranar da ya ajiye aiki sai su tashi. Rinske ta so ƙaramin gida a Leeuwarden kusa da 'yarsu, inda za ta riƙa ganin jikokinta, ta shanya wanki a igiyarta. Shi ya so teku. Wata shida yana lallashi, har ta gaji.

"Hunturu ɗaya zan ba ka, Hylke. In na iya, mu tafi inda kake so. In na fita daga jirgin nan, na fita ke nan, kada ka biyo ni da surutu."

Jirgin, gaskiya, jirgi ne. Na ƙarfe, mita goma sha biyu, ya haura shekara ashirin, ya ƙetare babban teku sau biyu ya dawo. Hylke ya sa an ɗaga shi sama, ya bi cikinsa da guduma taku-taku yana kasa kunne. Ya hau har ƙolin sandar filafili da tsufansa. Ya kwance inji ya mayar. Duk abin da zai iya kashe mutum a tsakiyar guguwa ya duba shi sau uku. Cikinsa kuma jan katako ne mai sheƙi, aikin hannun Folkert, da teburin taswira kamar na kyaftin, da gadaje biyu 'yan sirara, ɗaya a kowane gefe, yadda igiyar ruwa ba za ta jefo mutum ƙasa ba. Abin da bai tambaya ba ɗaya ne: a ina Folkert yake yin hunturu? A ƙasashen zafi yake yi, da gajeren wando. Bayan wannan jan katakon babu komai sai tsiraran ƙarfe, bayan ƙarfen kuma ruwan Harlingen.

Ya saya, suka tare a Nuwamba, da niyyar su tashi kudu a watan Mayu. Makon farko Hylke kamar sabon ango. Yana fita kan jirgi da kofin kofi ya tsaya yadda masu wucewa za su gan shi.

Da Disamba ta kama, jirgi ya fara zufa. Numfashinsu, tururin buta, miyar wake a kan wuta, duk sai ya bi ta bayan katako ya tarar da ƙarfe mai sanyi, ya zama ruwa ya dawo musu. Ɗigo na farko a goshin Rinske ya sauka da safe. Hylke ya ce raɓa ce kawai. Ya sayo hita mai kananzir, ya ƙure ta. Wanda duk ya zauna a jirgi ya san kananzir ruwa yake haifarwa, amma Hylke a taswira ya zauna. Sai zufa ta ninka. Gishiri ya dunƙule, burodi ya yi gashi, ulun saƙar Rinske ya ɗauki warin rijiya. Ta ɗaga katifa ta tarar da ƙasanta kore shar. Kan ƙusoshin rufi ƙanƙara take kwana, rana ta fito ta narke a kan bargo.

Ya koma riga ta tashi, yana bin bango da tsumma kafin ta buɗe ido, yana matsewa a bokiti a hankali kada ta ji. Tana ji. Shekara talatin da biyar suna gado ɗaya, yanzu tana kwance a nata siririn gadon tana tari, tana kallon bayansa yana goge jirgi kamar mai jinya.

Ranar sha biyu ga Janairu ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da akwati.

"Ba fushi na yi ba, Gwaggo. Bushewa nake so in yi."

Na ba ta ɗakin baya da bargo biyu.

Hylke ya riƙa zuwa kullum da azahar, da burodi ko kyafaffen kifi a takarda, ya zauna a bakin kujera da hula a gwiwa. Rinske ta zuba masa kofi, ta tambaye shi ko ya ci abinci, shi ke nan. Ni kuma na ɗinke bakina. Wanda ya kaɗa mini takarda a fuska, shi zai buɗe baki ya tambaya. Kwana goma sha tara ya ɗauka.

"Gwaggo, a jirginku... yaya kuke yi?"

"Wane jirgi? Na yashi? Ai zamaninsa ya wuce."

"Haba Gwaggo."

"Haba me? Da bakinka ka faɗa."

Na bar shi ya ɗan dahu, sannan na gaya masa. Sai an ɓare katakon nan duka, an lulluɓe ƙarfen da soso mai kauri, ba a bar ko faɗin yatsa ba, a mayar da katako marar nauyi, a kafa murhun gawayi mai bututun hayaƙi da zai riƙa zuƙe damshi yana fitarwa. A kuma yi gado ɗaya na mutum biyu, mai ramuka a ƙasa iska ta ratsa.

Ya ɓata fuska. "Ina murhu zai zauna? Babu wuri sai inda teburin taswira yake."

"To."

"Teburin nan shi ne jirgin, Gwaggo. Da shi aka ƙetare teku."

"Sai ka aure shi. Ya riƙa dafa maka dankali."

Ya tashi ya tafi, kwana huɗu bai zo ba. A kwana na biyar 'yarsu ta bugo waya: an samu gida a layinsu, ana son amsa kafin ƙarshen Maris. Rinske da kanta ta taka har tashar ta gaya masa, daga kan gaɓa, ba ta shiga ba. Ta ce za ta karɓa. Ta ce yana iya zuwa, yana iya zama, ita dai ba za ta ƙara kwana a cikin tulu ba.

Washegari masu kamun kifi suka ga jan katako yana fitowa ta ƙofar jirgi, falle-falle. Teburin ne ya fito a ƙarshe. Hylke ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya naɗe shi a bargo, ya kai wa wani maƙwabcinsa kyauta, bai tsaya an gode masa ba.

Mako bakwai ya yi a cikin ƙarfen nan, cikin sanyin da yake fasa leɓe. Mutumin da bai taɓa kafa ƙusa a gidansa ba sai ga shi da wuƙa da gam, yatsu duk sun tsage. Tafiyar Mayu ta rushe, ya sani, bai ƙara ambatarta ba. Ni kuma duk bayan kwana biyu sai in hau bas in je in ga ɓarnar da ya yi.

"Nan fa? Ka bar haƙarƙarin ƙarfe tsirara."

"Ɗan wannan, Gwaggo?"

"Ɗan wannan zai cika maka bokiti. Ɓare ka sake."

"Jiya fa na manna shi!"

"Jiya ka yi aikin banza ke nan."

Sau uku ya sake rufin sama. Ya kafa bututun hayaƙi a karkace, hayaƙi ya kore mu waje muna tari, na zage shi tas a gaban masu kifi, ya sauke ya gyara. Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai da rashin dabara a jiki ɗaya kamarsa ba. Amma bai tsaya ba, wannan kam ba zan hana shi ba.

Saura kwana uku Maris ta ƙare Rinske ta ce in raka ta. Ana yayyafi. Hylke ya riƙe mata tsani ta sauka. Jan katako babu, sai farin katako da tabon gam nan da can, aikin ɗan koyo. Murhu yana ci. Ta tsaya a tsakiya tana dube-dube, shi kuma yana bayanta yana murza hula. Can sai ta cire kwat ɗinta. Ta zauna a bakin gadon, ta danna katifa da hannu, ta cire takalma.

"Labulen nan wa ya zaɓa?"

"Ni."

"Ya yi muni."

"To."

"Gobe ka je ka ɗauko mini keken ɗinkina a wurin Gwaggo."

Da yamma ta bugo wa 'yarsu ta ce a ba wani gidan.

Sun ƙara hunturu guda a Harlingen, a bushe, tarin Rinske ya tafi. Suka tashi a Mayun da ya biyo, shekara guda a makare. Na je rakiya, ba don ina so ba, ƙafata ma ciwo take. Rinske ta rungume ni ta sauka ciki. Hylke ya tsaya da igiya a hannu, taswira a naɗe a hammata tunda babu teburin shimfiɗa ta, yana washe baki kamar shi ya ƙera tekun.

"Gwaggo, ba za ki ce komai ba?"

"Zan ce. Matar nan ta fita ta dawo, kuma ba ta saba yin abu sau biyu ba. Ranar da ta ce a juya, ka juya, ko da kana hango Azores ɗin naka da ido. Kwance igiyarka ka tafi, na gaji da tsayuwa."