Ranar da Editanmu Ya Karanta wa Kawunsa Labari

Shekarun baya, lokacin da jirgin ƙasa ke raya Kafanchan, kafin in koma rediyo, na yi aiki da wata ƙaramar jaridar tonon silili. Editanmu yana da doka ɗaya: ba ya buga labarin mutum sai ya je ya karanta masa a gabansa. Ya sha zagi, har kare an taɓa sakar masa, bai daina ba.

Wata rana na kawo labarin wani dattijon ikilisiya a Madakiya, kusa da Kafanchan, mai tsawata wa mashaya ran Lahadi, wanda na gani da idona ran kasuwa yana shan burkutu a bayan rumbu. Ina ta washe baki, ni ga gwani. Edita ya karanta, ya ce, "Tashi mu je."

Sai da muka shiga gidan na ji ya durƙusa ya ce, "Sannu da gida, Kawu." Ashe tsohon ne ya rene shi, ya sa shi makaranta da kuɗin noman citta. Na raɗa masa, "Oga, mu bar shi mana." Ko kallona bai yi ba. A durƙushe ya karanta labarin har ƙarshe, muryarsa ba ta yi rawa ba.

Tsohon ya ce, "Kun rubuta wai na bugu na faɗi. Sha na sha, faɗuwa ban faɗi ba. Gyara wannan, ka buga. Amma ƙafarka kada ta ƙara taka gidan nan."

Faɗuwar, ni na ƙara ta don armashi. Edita ya soke ta, ya buga sauran a shafin farko. Aka sauke tsohon daga dattijanci. Kirsimeti ya yi ta zuwa yana wucewa, edita bai ci tuwon gida ba.

Da tsohon ya rasu, aka aiko a kira edita. Wasiyya tsohon ya bari cewa edita ne zai karanta tarihinsa a wurin jana'iza. Matar kawun ta ce masa, "Cewa ya yi kai kaɗai ne ba za ka ƙara masa gishiri ba."

Ina cikin majami'ar ranar. A nan ne kawai na taɓa jin muryar edita ta yi rawa. Har yau, duk labarin da zan karanta a rediyo, sai na ga kamar mai shi yana zaune gabana.