Gilashin Rifkatu da Ya Zo Kusan Wayam

Har na ajiye aiki ban manta da ranar da aka kawo mini gilashin Rifkatu ba. Wajen tsakiyar shekarun tamanin ne, ina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje. Ga yadda aikin yake: nas za ta shafo ƙwayoyin jiki daga bakin mahaifar mace, ta goga a ɗan gilashi. Ni kuma in rina shi, in duba a madubin bincike mai ƙara girman abu. Abin da na yi shakka a kai sai in miƙa wa babban likitanmu, shi ke yanke hukunci.

Rifkatu 'yar Filato ce, tana aiki a wata masaƙa a Challawa, Kano. Ta daɗe tana fama da zubar ruwa, asibitin kamfani sun yi ta ɗirka mata maganin sanyi, ba sauƙi. Da na ɗora gilashinta, sai na tarar kusan ba komai. Nan da nan na gane dalili. Matanmu, don kunya, sai sun wanke jiki tas har ciki kafin su zo awo, su wanke mana abin da muke nema. Abin nan yana ƙona mini rai.

Amma ban ajiye ba. Can a gefe na hango ɗan curin ƙwayoyi masu yauƙi, jere reras kamar saƙar zuma, sai dai ɗigon da ke tsakiyar wasu ya fi girma. Na kira likita, ya duba. Ya ce, "Akwai wata sankara da ba kasafai ake ganinta ba, kama take da lafiyayyen nama. A sake ɗebowa."

Na hau babur sai wurin Sista Hanatu, nas ɗin kamfanin. Na ce, "Sista, Rifkatu ta dawo gobe, kuma kada ta wanke ciki."

"Haba Malam Sani! Ni zan faɗa wa babbar mace haka? Jibi ma za su tafi gida Kirsimeti."

"To, gara wannan da ki je yi wa 'ya'yanta ta'aziyya."

Ta harare ni, amma ta aika aka kira ta. Gilashi na biyu ya zo cike, aka yanko ɗan nama daga bakin mahaifar aka gwada, ya tabbatar sankara ce. Aka yi mata tiyata tun abin bai yaɗu ba, ta warke, ta koma bakin injinta.

Ku da kuke tasowa, in gilashi ya zo muku wayam, kada ku ce lafiya lau. Ku tambayi abin da matar ta yi da safe kafin ta baro gida.