Yankan Ba'ana

A shekarar 1987 Phebe ta sauka Maiduguri daga Lassa, bazawarar malamin firamare, da tukunya biyu da yara uku. A bakin titin Bulumkutu ta kafa murhu, tana sayar da dafa-duka da soyayyen nama, a ƙunsa wa mutum ya wuce. Makon farko Musulmi sukan tsaya, su shaƙi ƙanshi, su yi tambaya ɗaya: "Wa ya yanka?" Da ta yi inda-inda sai su wuce.

Sai ta tafi Kasuwar Shanu ta nemi mahaucin da kowa ya yarda da addininsa. Aka nuna mata Ba'ana. Suka shirya kullum ƙarfe bakwai na safe shi da kansa zai kawo naman a kan kekensa, kowa yana gani. Daga nan duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya ce: "Yankan Ba'ana ne." A Maiduguri ta wancan zamani wannan magana ta isa.

Rumfa ta zama shago mai gilashi da fanka. Kafin 2015 Gidan Abincin Phebe ya yi rassa biyar, har da na Tsohuwar Maiduguri, ma'aikata sanye da riga ja, keke napep na kai abinci ofis-ofis. Da gwiwoyinta suka gaza, ta miƙa komai ga Justin, ɗan ƙanenta, wanda ta raina tun yana ɗan yaye.

Wata Talata bayan ƙaramar Salla Ba'ana ya zo gidanta, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ƙi shan ruwa.

"Mama Phebe, laifin me na yi? Wata takwas ba a karɓi namana ba. Ban yi magana ba, na ce ciniki ne. Amma jiya a masallaci wani ya ce mini na iya zaɓen nama. 'Yan matanki har yanzu suna ce wa mutane yankana ne."

Ta sa aka kira Justin. Bai musa ba. Wata babbar mota ce ke kawo nama daskararre a kwali, ya fi sauƙi, kuma ba sai an jira keken tsoho ba.

"Wa ya yanka?" in ji ta.

"Haba Mama, wa ya sani? Nama nama ne. Yanzu ko tambaya ba a yi."

"Ba sa tambaya ne don sun tambaye ni tuntuni, na ba su amsa."

"To ki yi shiru mana. Za a koma wa Ba'ana gobe, ba wanda zai ji."

Ta kalle shi. Ita ta koya masa riƙe cokali.

Washegari da azahar, lokacin da shaguna suka fi cika, ta hau keke napep ta bi rassan ɗaya bayan ɗaya. A kowanne ta tsaya a ƙofa, ta faɗi abin da ya faru, da watan da aka fara, ba ta rage ko mako ɗaya ba. Wasu suka ajiye cokali suka fita. Wasu suka zage ta, ta tsaya ta ji.

A Bulumkutu ta tarar da Alhaji Sa'id, tsohon akawun kotu, wanda tun zamanin rumfa yake ci a wurinta. Bai ɗaga murya ba.

"Phebe, azumin nan talatin da abincinki na yi buɗa baki. Ni da iyalina."



Cikin shekara ɗaya rassa huɗu suka rufe. Justin ya kwashe masu dafuwa uku ya buɗe nasa wurin da sabon suna, kuma an ce yana ciniki. Ita tana nan a shagon Bulumkutu, kan kujerar roba kusa da ƙofa. Alhaji Sa'id yakan wuce kowace safiya, ya tsaya ya gaishe ta da mutunci, ya tambayi gwiwa. Bai sake shiga ba.