Gurbin Yatsan Ishaya a Wuyan Jita

Shekara tara ke nan da ruwan Kainji ya ɗauki yayana Ishaya, bai kuma mayar mana da shi ba. Na faɗi haka tun da fari don mai karatu ya san irin mutuwar da nake nufi. Akwai wadda ake wanke gawa, a kai ta makwanci, a dawo gida a yi kuka a gaji. Tamu ba irin wannan ba ce. Jirgin da ya shiga daga Wara zai dawo Yelwa ya daki kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, ya tsage. Masu nutso sun yi iya ƙoƙarinsu, sun fito da mutane da dama, masu rai da marasa rai, amma babu Ishaya a cikinsu. Mutum ne da ya iya ruwa tun kafin ya iya karatu, kuma har yau ban san abin da ya riƙe shi a ƙasa ba. An yi masa addu'ar jana'iza a coci, hotonsa a kan tebur, babu akwati. Ba mu da wurin da za mu tsaya mu ce ga inda yake kwance.

Abin da ya rage mana jitarsa ce, ta lantarki, baƙa, mummuna, fentinta duk ya kwaile. A kanta zan yi waiwayen bana, domin a wannan shekarar na kusa ɓatawa da 'yarsa saboda ita.

Mahaifinmu daga kan dutse ya sauko bakin ruwa ya koyi sana'ar su, Ishaya kuma ya gaje shi. Duk mako yana kan ruwa, ranar Lahadi ya wanke ƙarnin kifi ya tafi coci ya kaɗa wa mawaƙa jita. Hannuwansa manya ne, sun yi kanta saboda filafili da jan taru. Tun yana saurayi ƙayar kifin kurungu ta soke shi a gindin babban yatsan hagu, wurin ya ruɓe, da ya warke sai yatsan ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Jitar cocin kuwa wuyanta siriri ne, shafal. In ya riƙe ta, sai a ga rami tsakanin tafinsa da itacen, ba abin da ke tallafe hannun. Kafin a gama waƙa ta uku jijiyarsa ta ɗaure, yana murmushi a gaban jama'a, gumi na tsiyaya. Ni kaɗai na san yana komawa gida ya tsoma hannun cikin ruwan zafi.

Ranar da ya tashi sayen tasa, ni ya ja zuwa Kontagora, wai in taya shi zaɓe. Ƙarya yake, ɗan dakon sifika yake nema. Mai shagon ya jera mana na gwanjo a jikin bango, ni kuwa idona ya faɗa kan wata ja mai walƙiya, na ce ga ta nan, mu ɗauka mu tafi. Ko kallonta bai yi ba. Bai bari a jona ko ɗaya da wuta ba. Rufe ido ya yi, ya ce a riƙa miƙo masa su ɗaya bayan ɗaya, ya damƙi wuyan kowace ta baya, ya zame hannu sama da ƙasa, ya mayar. Wata ya ce ta yi faɗi ba kauri. Wata ya ce bayanta na da tsini kamar gindin jirgi, tana tokarar masa yatsa. Har mai shagon ya fara tsaki, ni ma kunya ta kama ni. Sai aka miƙo masa baƙar nan da aka jingine a lungu don ba mai so, wuyanta kauri, zagaye, cike da hannu. Ya riƙe ta ya yi shiru.

Na ce, "Yaya, wagga ko kyauta anka ba ni ba ni ɗauka."

Ya ce, "Laraba, kin taɓa ganin masunci ya zaɓi filafili da ido? Hannu ka zaɓe. Ido ba shi ka yin aikin ba."

Ya kaɗa ta shekaru masu yawa, a coci, a bikin aure, a taron zumuntar mata, daga Yelwa har ƙauyukan Shanga. Da yake yatsan nan ba ya motsi, wuri ɗaya yake yawan zama a bayan wuyan. A hankali ya cinye fentin wurin, ya cinye man da ke ƙarƙashinsa, ya kai ga itacen. Gumi ya mayar da shi baƙi ƙirin, ya kuma yi ɗan kwarmi daidai girman yatsansa. Bayan rasuwarsa muka rataye ta a ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Duk ranar da shekara ta zagayo, waɗanda aka samu gawawwakin 'yan'uwansu suna tafiya makabarta da tsintsiya. Ni kuwa sai in shiga ɗakin, in sauke jitar, in sa yatsana a kwarmin nan in yi addu'a. Ban taɓa gaya wa fasto ba. Amma gaskiya ita ce nan nake zuwa ziyara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda abubuwa suka koma. Samarin mawaƙan yanzu a waya suke ganin hoton jita, su aika, a kawo musu ita cikin kwali a motar kasuwa, ba su taɓa riƙe ta ba sai ranar da ta iso. Na san da ya yi musu dariya har ya riƙe ciki, sannan ya zauna ya gyara musu tsirkiya. Ƙauyukan da yake zuwa kiɗa, wasunsu yau ba mai kwana a cikinsu saboda tsoro, mutanensu suna nan gari a raɓe a gidajen dangi. Jiragen kuma suna nan suna tashi maƙare da mutane da buhuna da babura, yadda nasa ya tashi. Wannan ba zai yi masa dariya ba. Ni dai in na je bakin ruwa sayen kifi, ba na ɗaga kai in dubi masu shiga.

Ya bar 'ya ɗaya, Rifkatu. Tana da shekara takwas aka yi abin, uwarta ta sake aure, mu muka riƙe ta. Bara ta sauke jitar da kanta ta fara koyo, ba wanda ya sa ta. Kunnen ubanta ta ɗauko, waƙa sau ɗaya take ji ta kama. Amma hannun uwarta gare ta, ɗan ƙarami, yatsu gajeru. Wuyan da ya cika tafin Ishaya ya fi ƙarfin nata. Sai ta murɗe wuyan hannu tana miƙa yatsu da ƙyar, ta ciji leɓe, ta ci gaba. Kafin damina ta fita hannun ya kumbura, ko guga ba ta iya ja. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ko ta daina, ko ta lalata jijiyar gaba ɗaya.

Na ce mu nemo mata wata, siririya, daidai hannunta. Ta ƙi. Ta je da kanta wurin wani mai gyaran kayan kiɗa, ya duba ya ce itacen na da yawa, za a iya rage kaurin ta baya ba tare da an kai ga ƙarfen da ke ciki ba. Ta dawo ta gaya mana a tsakar gida. Ta baya, wato daidai inda kwarmin yake. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce in dai ina da rai ba mai sa ƙarfe a jikin itacen nan.

Ta ce, "Goggo, ke kin san muryatai, kin san dariyatai. Ni mi na sani? In na kaɗa wagga, ina jin abin da ya ji. Wata jita ba ta ba ni wannan."

Na ce, "In anka kankare wurin nan, ina za ni sake samun shi?"

Ta juya ta shige ɗaki. Muka yi makonni muna gaisuwa sama-sama a gida ɗaya. Jitar ta koma kan ƙusa, yarinyar ta daina zuwa wurin mawaƙa, ranar Lahadi ta zauna a bencin baya ta naɗe hannu. Ina ganinta, amma ban sauko ba.

Inna ce ta raba mu. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta cika magana ba tun rasuwar ɗanta. Wata safiya ina yi mata shara ta ce, "Laraba, kin manta filafilin ubanku?" Ban manta ba, na dai ajiye shi nesa. Da mahaifinmu ya rasu, filafilinsa ne kaɗai abin kirki da ya bari, mariƙinsa ya yi santsi da hannunsa. Ni kuma a lokacin sai na tsallaka ruwa nake zuwa makaranta. Ishaya ya ɗauki gizago ya sassaƙe mariƙin, ya rage tsawon, ya miƙo mini. Inna ta yi kuka ranar, ta zage shi. Shi kuwa ya ce da a jingine shi gara ta ci, gwamma ya kai ni makaranta. Da filafilin nan na yi karatun da nake rubuta wannan da shi.

To, na san abin da zai ce game da jitar, ban ma da shakka. Sai dai sanin bai rage mini komai ba. Shi abu ne mai sauƙi a wurinsa, ba shi aka bari a bakin ruwa ba.

Ni na ɗauke ta na kai, Rifkatu na biye da ni. Kafin in miƙa, na sa yatsana a wurin na daɗe, mai gyaran ya kau da kai ya ba ni lokaci. Ya fara da magagari, yana yi yana miƙa wa Rifkatu ta damƙa. Ba wanda ya gaya mata, sai na ga ta rufe ido. Ya rage, ta riƙe, ta girgiza kai. Ya ƙara ragewa. Baƙin wurin ya yi ta dushewa har farin itace ya fito, kwarmin ya baje, ya zama daidai da sauran. Can ta riƙe ta yi shiru, irin shirun da na gani a Kontagora. Na fita waje na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yanzu tana kaɗawa duk Lahadi, hannun ya saɓe. Sautin bai canza ba, in na rufe ido a coci sai in ce shi ne. Abin da ya rage na Ishaya ke nan: kunnensa a kan 'yarsa, da taurin kansa, da wannan ɗabi'a ta yanke abin da yake ƙauna don wani ya samu na riƙewa. Ban ce ya ishe ni ba. Bana da ranar ta zagayo na shiga ɗakin Inna, na tsaya gaban ƙusar da ba komai a kanta, na rasa inda zan sa hannuna.

Inna ta ji motsina, ta ce in buɗe akwatinta. A ƙasan zannuwa akwai ɗan ƙulli cikin farin ƙyalle. Ashe ranar gyaran ta sa Rifkatu ta shimfiɗa zane a ƙarƙashin teburin mai gyaran ban lura ba, ta tattaro mata garin itacen duka, da baƙin da farin. Na tambaye ta me za ta yi da shi.

Ta ce, "Ruwa ya hana ni in rufe ɗana. In tawa ta zo, ku sa wanga cikin akwatina, nan kusa da ƙirji. Ku rubuta suna biyu bisa kabarin. Sannan kin samu wurin da za ki kai tsintsiya."