Fitila a Bakin Rijiya

Shekarar da rijiyar unguwarmu a Kafin Soli ta cushe, ƙanena ne ya ɗaura igiya zai shiga ya yashe ta. Na riƙe igiyar na ce sai an fara zura fitila.

"Haba Yaya, tsufa ya sa maka tsoro?" in ji shi, mutane suna dariya.

Da ƙuruciya ni ma na raina wannan al'ada. Wani ma'aikacin asibiti a Kankiya ne ya fahimtar da ni cewa huhu cike yake da 'yan ƙananan jakunkuna. Jini yana ratsawa ta jikinsu, ya ɗauki iska mai amfani, ya sauke wadda jiki ya gama da ita. A ƙasan tsohuwar rijiya kuwa, mutum zai cika ƙirjinsa da iska amma jini bai sami komai ba. Iskar da ta kashe fitila, za ta kashe mutum.

Na ƙi sakin igiyar. Aka zura fitilar, ta mutu kafin ta kai ƙasa. Dariya ta tsaya.

Muka yi ta zura damin ganye muna jawowa har iska ta sauya, aka sake zura fitila ta kai ƙasa tana ci. Sannan na ce masa, "To, bismillah, sauka."