An Share Tsakar Gidan Yaya Saratu

Yaya Saratu ta rasu.

Na rubuta na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Ga shi nan dai, haka abin yake. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina Kasuwar Daji, na je duba mashin ɗin wani bawan Allah da ya ƙi tashi, hannuna duk baƙin mai, sai waya ta yi ƙara. Malam Isiya ne, mijinta. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Sanusi, sai haƙuri. Yayarka ta cika." Wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta.

Har yanzu ban san yadda na tuƙo na dawo Ƙaura ba.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Maƙwabta ne. Sun baro ƙauyensu can wajen Gurbin Bore lokacin da zama ya gagara, suka kama haya a gidan da rumfar gyaran mashin ɗina ke jingine da katangarsa. Amma ni ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Yaya, kuma duk wanda ya san abin da ta yi mana ba zai tambayi dalili ba.

Mu ma gudu ne ya kawo mu, daga ƙasar Zurmi. 'Yan bindiga sun kashe yayana a gona. Ɗiyarsa Ummi tana wurin, ita ta kai masa fura. Tun daga ranar yarinyar nan ta rufe baki. Ba kuka, ba dariya, ba "Inna ina jin yunwa". Uwarta ta koma wurin danginta a Shinkafi, Ummi ta zauna hannunmu, ni da tsohuwata Inna.

Babu abin da ba mu yi ba. An yi tofi, an sha rubutu, an je asibiti suka ce kunnenta lafiya, harshenta lafiya. Na kai ta firamare. Aji cike maƙil, malami ya tambayi sunanta ta yi shiru, kafin a tashi tara yara sun raɗa mata bebiya. Ranar na ɗauke ta, bayan na gaya wa wanda ya kamata abin da ya kamata. Kun dai san bakina.

Ita Yaya Saratu lokacin ta riga ta fara koya wa 'ya'yanta a gida, tunda makarantar ƙauyensu an rufe ta tun kafin su taso. Ba wata digiri gare ta ba, sakandare ma ba ta ƙarasa ba. Wata rana ina fama da wani inji ina zaginsa, sai na ji murya daga bayan labulen zaure.

"Kai mai hwaɗa da ƙarhe! Miƙo min ɗiyar nan da ka aje kan benci awa kaya."

Na ce, "Yaya, ba ta magana fa."

Ta ce, "Ni magana nic ce a kawo min? Tana da hannuwa ko?"

Na ce tana da su.

"To miƙo ta. Kuma kai ka rage hayaniya, yarana na karatu."

Karatu. Na leƙa na ga karatun. Yara zaune a ƙasa, hannu dumu-dumu da yumɓu.

Bari in gaya muku yadda makarantarta take, don wallahi ya kamata a sani.

Da hantsi ya fito yara za su shigo, nata da na maƙwabta. Kowa ya wanke hannu a bakin randa, ya gaida ta, ya share inda zai zauna da kansa. Sai a tafi gindin katanga. Kowane yaro yana da gwangwaninsa na madara ko na tumatir da ya shuka wake a ciki, shi zai ba shi ruwa, shi zai faɗi abin da ya canza daga jiya. Daga nan ta zubo gero da dawa da wake a faifai ɗaya ta ce a rarrabe. Lissafi da marafan kwalba ake yi, ni nake tsinto mata a shagon mai shayi. Haruffa kuwa ba a allo suke ba. Da yumɓu ake gina su, kowa ya gina na sunansa, a jera a gindin katanga su bushe. In za ta ɗora girki, su ne masu awo, wannan ya riƙe ludayi, wancan ya faɗi ko ruwan ya isa. Da an kusa kiran azahar a wanke hannu, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa, da yamma kuma makarantar allo.

Kullum haka. Ko ba ta da lafiya, haka. Ta ce yaran da aka tashe su da gudu, abin da suka fi buƙata shi ne su san gobe irin ta yau ce.

Bulala kuwa ban taɓa ganin ta a hannunta ba.

Akwai masu cewa wasan ƙasa take sa yara. A gabana wani ya faɗa, mai takalmi sau-ciki da biro a aljihu. Ɗansa yana aji huɗu bai iya karanta sunan unguwarsu ba. Ban bar shi ya tafi da maganarsa ba, amma wannan labarin wata rana ne.

Ummi ta daɗe tana zuwa ba ta ce uffan ba. Yaya Saratu ba ta taɓa tambayarta komi ba. In ana zagayen faɗin abin da wake ya yi, sai ta tsallake ta kamar ba komi, ta miƙa mata moɗa. Ni ne mai gajen haƙuri, kullum da yamma sai na tambaya, "Yaya, yau fa?" Ta ce, "Sanusi, in ka ƙara tambaya ta, kai ma gwangwani za ni ba ka."

Rannan da safe waken Ummi ya tsago ƙasa. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Ya fito."

Yaya Saratu tana wanke-wanke. Ba ta yi guɗa ba, ba ta ko waiga ba. Ta ce, "To, ba shi ruwa." Ta ci gaba da wanke tukunyarta.

Sai da yara suka watse ta aiko a kira ni. Ta tsaya bayan labule tana ba ni labari, ni kuma ina tsaye a zaure da sifana a hannu, ƙato da ni, ina share ido da bayan hannu har na shafe fuska da baƙin mai. Ta ce, "Ka koma gida ka yi awa ba ka ji ba. In kun taru kanta kuna murna, za ta koma ciki."

Haka muka yi. Magana ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan.

Ni ba wanda ya koya min karatun boko. Da kwalayen kayan mashin na koya, da allunan shaguna, da waya. In na kasa kalma sai in yi jifa da kwalin. Na taɓa gaya mata haka ina taƙama. Ta yi dariya ta ce, "Kai da haushi ka koya, shi ya sa ko jarida ka riƙe awa za ka mare ta. Waɗanga bari su koya da daɗi."

Har ni sai da ta sa aiki. Ta turo min yaran rumfa wai in nuna musu yadda ake gano inda tub ɗin taya ya huje. Na hura shi, na tsoma a bahon ruwa, kumfa ta fara tasowa, yaran suka kwashe da ihu kamar na yi sihiri. Sati guda duk abin da suka gani a gida sai sun tsoma shi a ruwa. Har takalmin Malam Isiya.

Ganinmu na ƙarshe a farkon satin nan ne. Na je ɗaukar Ummi, na same ta zaune kan turmi, cikin ya yi mata nauyi, ƙafafunta sun kumbura, amma faifai na kan cinyarta. Na ce, "Yaya, ki huta mana haka nan." Ta ce, "Ina hutu? Ɗiyarka ta ishe ni da surutu yau. Tun sahe tambaya take, mi ya sa kaza ba ta da haƙora, mi ya sa wata ke bin mutum. Ka ga abin da ka jawo min?" Tana faɗi tana dariya.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ƙorafin Ummi ta cika surutu.

Yau na samu sallar jana'iza, na kama makara, mun kai ta. Da muka dawo na shiga zaure zan kira Ummi, na ɗaga labule.

An share tsakar gidan.

Tas. Matan dangi da suka zo daga Moriki da na unguwa, tun da sassafe suka kama tsintsiya saboda za a yi zaman makoki. Gwangwanayen yara duk an kwashe an kai bola. Haruffan yumɓu an tattake, an haɗa da shara. An yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi har gindin katanga.

Na ce wa ya yi wannan? Wata gwaggo ta ɗago ta ce, "Yaro, ai ba a amsar gaisuwa cikin tarkace. Baƙi za su zaka su ce marigayiya ƙazama ce."

Tarkace.

Ban san abin da na faɗa ba, na dai san na ɗaga murya a gidan mutuwa, maza suka shigo suka janye ni. Malam Isiya, mutumin da ya binne matarsa da ɗansa yanzu-yanzu, shi ne ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri. Ya ce, "Sanusi, don Allah. Ba su sani ba."

Kuma gaskiyarsa. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ba mugunta suka yi ba, mutuncinta suke karewa, da hawaye a idonsu suka yi sharar. Ni da na saba in raina ya ɓaci in nemi wanda zan zazzage wa, yau na rasa wanda zan kama.

Na zagaya bola da gudu. Awaki sun riga ni.

Ummi kuwa a gindin katanga na same ta, tsaye tsakanin tabarmi biyu, tana kallon inda gwangwaninta yake zama. Inna ta ce a gaban yarinyar aka yi sharar, ba ta ce komi ba. An gaya mata Malama ta rasu, ba ta ce komi ba. An ba ta abinci ta kau da kai. Na kira sunanta ta dube ni, kuma wallahi na san wannan kallon. Shi ne wanda ta dawo da shi daga gona.

Na ce shi ke nan, mun binne Yaya da safe, za mu rasa muryar Ummi kafin dare.

Masu tambayata hotonta ta waya, ku daina. Ba ni da shi, da ina da shi ma ba zan sa ba. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Babu wanda ya taɓa zuwa da kyamara da ƙaton allo ya ce ya tallafa mata. Da gwangwanin bola ta yi aikin da masu manyan riguna ke hawa mumbari suna alkawarinsa.

Bayan la'asar na zo na zauna kan benci a rumfata, ban buɗe akwatin kaya ba. Can sai ga Ummi ta zo ta zauna a gefena. Bakina yana ƙaiƙayi, ina so in ce Ummi yi magana, ko kalma ɗaya, don girman Allah. Na danne. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar shirun nan ba.

Muna zaune har rana ta yi ja. Masu gaisuwa na shiga suna fita.

Sai na ji an ja min hannun riga.

"Baffa."

Na ce na'am, ban ko yarda na dube ta ba.

"Gobe akwai?"

Na ce, "Akwai."

Kafin in yi tunani bakina ya riga ya faɗa. A ina, da wa, da me, ban sani ba. Ni da ko almajirin gyara ba ya daɗewa a hannuna saboda faɗa. Ni da ban taɓa zama aji ba. Amma na riga na ce akwai, ta kuma gyaɗa kai ta tashi ta je ta karɓi tuwonta wurin Inna.

Na gaya wa Malam Isiya. Ya ce nasa yaran ma za su fito.

Saboda haka gobe da hantsi rumfata ba ta gyaran mashin ba ce. Wanda nasa ke wurina ya yi haƙuri sai bayan azahar. Wanda ba zai iya haƙuri ba ya zo ya tura abinsa.

Ya Allah, ga baiwarka Saratu nan ta zo maka da ɗanta a hannu. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka tausasa mata kamar yadda ta tausasa wa 'ya'yan mutane. Ka dafa wa Malam Isiya da marayun da ta bari.

Kai da ka karanta har nan, kada ka danna alamar kuka ka wuce. Tsaya ka yi mata addu'a da bakinka, ka ambaci sunanta. In ka gama ka ƙara da Ummi, Allah ya bar mata muryarta. Ni kuma ku roƙa min Allah ya riƙe min harshena gobe da safe, don yara ne za su zo.